Nikel salfaid

Nikel salfaid suna ne na dangin sinadarai da ake samu idan ƙarfen nikel ya haɗu da farar wuta. Mafi sauƙinsu shi ne NiS, wanda kashi 64.7 cikin ɗari na nauyinsa nikel ne. A ɗakin gwaji, ana samun sa a matsayin baƙin gari idan aka busa iskar H₂S (haɗin haidirojin da farar wuta) cikin ruwan gishirin nikel da aka sa wa amoniya. Idan asid ya yi yawa a ruwan, garin ba ya kwantawa.

A cikin ƙasa yana da kamannu da dama. Milarait (NiS) na fitowa kamar siraran allurai masu kalar tagulla, an kuwa raɗa masa sunan masanin ma'adinai ɗan Birtaniya William Hallowes Miller a 1845. Hizilwudait (Ni₃S₂) ya samo sunansa daga wani yanki a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Amma wanda ake haƙa don ciniki shi ne pentlandait, (Fe,Ni)₉S₈, kamar a Sadbari ta Kanada da Norilsk ta Rasha. Ƙurar Ni₃S₂ tana jawo sankarar huhu da ta hanci, don haka ma'aikatan matatar nikel ba sa wasa da takunkumi.

Inda ya shafi mazauna Abuja shi ne gilashin da ake lulluɓe dogayen benaye da shi. NiS yana da siga biyu: alfa, wadda ke zama daram sama da digiri 379 a ma'aunin Salshiyos, da beta, ta ƙasa da haka. Idan ɓurɓushin ƙarfe mai nikel ya faɗa cikin narkakken gilashi ya tarar da farar wuta, sai a samu ɗan ƙwallon NiS da bai kai rabin milimita ba. Wajen ƙarfafa gilashi ana sanyaya shi da gaggawa, sai ƙwallon ya daskare a sigar alfa. A hankali, cikin watanni ko shekaru, yake rikiɗewa zuwa beta, ya kumbura da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Idan a tsakiyar kaurin gilashin yake, rana tsaka gilashin zai tarwatse ba wanda ya taɓa shi. Alamarsa ita ce gutsure biyu masu kama da fikafikan malam-buɗe-littafi a wurin da tsagar ta faro.

Maganin da masana'antu ke yi shi ne gasa gilashin na awa 2 a zafin digiri 260 zuwa 290, domin mai lahani ya fashe tun a tanda. Ya kamata magini ya nemi takardar shaidar wannan gashi kafin ya saya.