Ukulele da Sana'ar Ƙera Ta da Hannu

Ukulele wata 'yar ƙaramar abar kiɗa ce mai tsirkiya huɗu, kamanninta kamar jita amma ƙarama sosai, wadda duniya ta fi saninta da tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik. A harshen mutanen Hawai ʻuku na nufin ƙuma, lele kuma tsalle, wato dai ƙuma mai tsalle kenan, ana cewa saboda yadda yatsun makaɗi ke tsalle-tsalle a kan tsirkiyoyin ne. Yanzu masana'antu na buga ta dubbai a rana, amma asalinta aikin hannu ce ta kafintoci, kuma har yau wadda aka sassaƙa da hannu ita ce masu zane da masu tara kayan gargajiya ke bi ido rufe.

Asali

A watan Agustan 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya iso Honolulu, babban birnin Hawai, ɗauke da mutum sama da 400 daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, an kawo su ne aikin ƙwadago a gonakin rake. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda da suka gama wa'adin aikin gona sai suka koma sana'arsu ta katako, zuwa tsakiyar shekarun 1880 kowannensu ya buɗe shago a Honolulu. Can gida Madeira suna da ƙananan kayan kiɗa biyu, machete mai tsirkiya huɗu da rajão mai biyar, to sai aka ɗauki jikin machete aka ɗora masa saitin tsirkiyoyi huɗu na rajão, daga nan aka samu saitin G, C, E, A, wato sunayen muryoyin tsirkiyoyin huɗu, da ake amfani da shi har yau. Abin da ya bambanta shi, tsirkiyar sama ta G siririyar murya gare ta maimakon mai kauri kamar ta jita, shi ya sa sautin yake fita garau ba nauyi.

Sarki Kalākaua na Hawai, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1891, ya ƙaunaci abar har ya shigar da ita kiɗan fada da rawar hula, cikin 'yan shekaru kayan baƙi ya zama na 'yan gida. Babban abin da ya ƙara mata wannan matsayi shi ne itacen koa, wanda a Hawai kaɗai yake fitowa, da shi ake sassaƙa kwale-kwale tun kaka da kakanni.

Yadda ake ƙera ta

Girma huɗu aka fi sani, soprano mai tsawon kusan santimita 53, concert kusan 58, tenor kusan 66, sai baritone babbarsu wadda saitinta ya koma irin na jita. Maƙerin zai yanka katako falle-falle ya yi ta kankara har fuskar ta koma kamar milimita biyu ko ƙasa da haka, don fuskar nan ita ce ke rawa ta fitar da sauti, in ta yi kauri muryar ta mutu, in ta yi siriri da yawa kuma jan tsirkiya ya lanƙwasa ta. A nan ne gwaninta take. Za ka ga ya riƙe fallen da yatsa biyu kusa da kunnensa yana ƙwanƙwasawa, ya ɗan kankare ya sake ƙwanƙwasawa, har sai ya ji ƙarar da yake nema.

Gefen jikin kuwa jiƙa shi ake yi a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi, tururi na tashi, katakon na yin laushi a hankali har ya ɗauki lanƙwasar ƙugun nan, kuma koa mai kwalliyar igiyar ruwa, wanda shi ya fi kyau da tsada, shi ya fi saurin tsagewa in an matsa masa, gaggawar minti ɗaya sai ta ja asarar katakon da ya yi shekaru ana busar da shi. Daga nan sai a manna 'yan siraran sanduna a ciki su tallafi fuskar, a haɗa wuya, a kafa 'yan ƙarafan nan da ke raba murya bisa lissafi, a goge da sanfefa a shafa banish. Da can da hanjin dabba ake yin tsirkiya, yanzu nailan ne ko makamancinsa. Banda koa ana amfani da mahogani sosai, har da na Afirka wanda dangin madacin nan ne da muka sani.

Kwalliya da fasahar talakawa

Tsofaffin ukulele na Hawai ana gane su da wata kwalliya mai kama da tufkar igiya, ƙananan guntayen katako fari da baƙi da ake jerawa a karkace ɗaya bayan ɗaya a bakin jikin da kewayen ramin tsakiya, aiki ne na haƙuri wanda Fotugisawan suka zo da shi.

Samuel Kamaka ya buɗe shagonsa a Honolulu a 1916, kuma shi ya fito da mai siffar abarba, jiki ƙwai-ƙwai ba ƙugu, ya yi mata rajista a 1928. Wasu daga cikinsu an zana musu ɓawon abarba da fenti da hannu, su ne masu tarawa ke nema. Gidan na nan har yau a hannun zuri'arsa, kuma abin da ya fi taɓa zuciya a tarihinsa shi ne daga shekarun 1950 sun ɗauki kurame aiki, waɗanda ke ƙwanƙwasa katako su ji girgizarsa a yatsunsu su gane ko kaurin ya yi daidai.

Wanda bai da kuɗin saye kuma sai ya haɗa tasa, da akwatin sigari na katako ko ɓawon kwakwa ko gwangwani, ya sa wuya ya ɗaura tsirkiya. Irin waɗannan gaskiya sun fi na kamfani nuna hannun mai su, takardar tambarin akwatin na nan a jiki, ƙusa a karkace, wani ma ya rubuta sunansa a baya, shi ya sa ake lissafa su cikin fasahar talakawa, wato aikin wanda bai je makarantar zane ba.

Littattafai da takardun waƙa masu zane

A baje kolin duniya na San Francisco a 1915 rumfar Hawai ta ja jama'a sosai, daga nan zazzaɓin ukulele ya kama Amurka. Kamfanin Martin na garin Nazareth a jihar Pennsylvania ya shiga harkar gadan-gadan da mahogani da koa, su Harmony da Regal na Chicago kuma suka cika kasuwa da masu araha da aka buga musu zanen itacen kwakwa da kwale-kwale. Ganin ana sayar da na jabu da sunan Hawai ya sa maƙeran tsibirin suka riƙa ƙona tambari mai kalmar Tabu a jikin nasu.

Tare da wannan sai littattafan koyon kiɗa suka yawaita. Makaɗi Ernest Kaʻai na cikin na farko da suka wallafa irinsu, May Singhi Breen kuma ta taimaka wajen sa masu buga takardun waƙa su riƙa ɗora 'yan zanen inda za a danna yatsa a saman kowane layi. Bangon waɗannan takardu na shekarun 1910 da 1920 cike yake da farin wata da bakin teku da 'yan mata sanye da furanni, launi biyu ko uku kawai, haruffan duk rubutun hannu, kuma masu zane na yau suna sayensu don koyon salon haruffa da haɗin launi. Sai dai ya kamata a faɗa, yawancinsu a New York aka zana su don 'yan kasuwa, Hawai ɗin da ke jiki ta mafarki ce, babu masarautar da aka kifar a 1893 babu 'yan ƙwadagon rake da suka kawo abar tun farko.

A shekarun 1950 Mario Maccaferri ya fitar da ta roba aka sayar da miliyoyi, har mutane suka koma kallonta abin wasan yara, sai a ƙarshen shekarun 1990 ta sake farfaɗowa, bidiyon makaɗi Jake Shimabukuro da ya bazu a YouTube a 2006 kuma ya ƙara mata kasuwa. Ƙananan maƙera sun dawo a Hawai da Japan da Amurka da Turai, koa kuma ya yi tsada saboda dazukansa sun ragu, da yawa sun koma aiki da itacen mangwaro da sauran katakon da ke kusa da su.