Riƙon tsintaccen jariri ba haramun ba ne

A zaurukan Hausawan Mai Wurno da Gadarif, a ƙasar Sudan, har gobe za ka ji dattijo ya ce, "Addini ya hana ɗaukar ɗan wani." Ba haka ba ne, Baba. Abin da aya ta 5 a Suratul Ahzab ta hana shi ne liƙa wa yaro sunanka, nasabarsa ta ɓace. Riƙo kuwa, wato kafala, halal ne. In ma uwargida ta shayar da shi kafin shekara 2, ya zama muharraminta.

Wannan ɗari-ɗarin na cikin abin da ya cika gidan marayun Maigoma na Khartum da jarirai, gado na gogar gado. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, da yawa sun rasu kafin a kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni.