Yadda Majalisar Birmingham Ta Ci Bashi Ta Gyara Gari

Su wa ke riƙe da garin Birmingham a ƙarni na 19?

Zaɓaɓɓun kansiloli ne. An kafa majalisar wannan gari na Ingila a 1838, kuma shekara da shekaru babban burinsu shi ne kada harajin gidaje ya ƙaru. Abin ya canja ne da Joseph Chamberlain ya zama magajin gari a 1873.

Me ya fara saye?

Iskar gas. A 1875 majalisa ta saye kamfanoni biyu da ke ba garin gas ɗin kunna fitila, a kan kusan fam miliyan 2, kuma da bashi ta biya duka. Lissafinsa shi ne, ribar da 'yan kasuwa ke kwashewa za ta biya kuɗin ruwan bashin har ta yi saura. Haka kuwa aka yi: shekarar farko aka ci ribar kusan fam 34,000. Da kuɗin gas aka gina ɗakin adana kayan tarihi da zane-zane da aka buɗe a 1885, a saman ofisoshin hukumar gas ɗin.

Ruwan sha fa, shi ma don riba?

A'a, kuma nan ne nake jinjina musu. Kamfanin ruwa kwana uku kacal yake sakin ruwa a mako, talakawa kuwa na ɗiba a rijiyoyin da ƙazantar masai ta gurɓata. Majalisa ta karɓe shi a 1876 kan fam 1,350,000, da niyyar duk rarar da aka samu ta tafi wajen rage farashi.

Ina labarin filaye?

Wata dokar ƙasa da aka yi a 1875 ta ba majalisun garuruwa ikon sayen unguwannin da suka lalace. Birmingham ta saye na tsakiyar gari, ta rushe, ta fitar da titin Corporation Street. Ba ta sayar da filayen ba, haya ta bayar ta shekara 75, don gini da fili su dawo hannun gari.

To, mutanen da aka tasa fa?

Wannan ne tabon aikin. Dubban talakawa aka tasa daga ɗakunansu, aka jera shaguna da ofisoshi a wurin. Yawancinsu suka cunkusu a unguwannin maƙwabta, waɗanda da ma a cike suke. Sai wajen 1890 majalisa ta gina gidajenta na farko a titin Ryder, su ma ƙalilan ne.