Shirya a-kori-kura don shiga rairayi da laka: tambayoyin da ake yawan yi min

Tunda jama'a suka ga ina shiga fadamar wajen Auyo da Hilux ɗina tsakiyar damina ina fitowa da buhunan shinkafa, kullum sai an tare ni da tambaya, wani a majalisa wani a waya. Toh ga amsoshin wuri ɗaya.

Da me zan fara in kuɗina kaɗan ne?

Taya, wallahi taya. Kafin bamba, kafin fitilun nan na saman rufi da samari ke so. Amma ka fara tabbatarwa motar fowil ce, wato mai ja da tayu huɗu, don akwai Hilux da L200 da yawa da tayun baya kaɗai ke ja, irin wannan ko me ka saka mata rairayin wajen Maigatari ko Birniwa sai ya riƙe ta. In fowil ce ka nemi tayar da aka rubuta AT a jikinta, ita ce mai yin kwalta ta yi burji. Mai MT ɗin nan mai manyan haƙora ta laka ce zalla, a fadama babu kamarta amma a kwalta ga ƙara ga saurin cinyewa, kuma a rairayi tona rami take yi ta binne kanta. Mu nan Jigawa sunan ma daga tudun rairayi ya samo asali, laka wata uku ce ko huɗu, don haka ni AT nake sakawa.

Wai da gaske rage iska na hana kafewa?

Da gaske ne, kuma kyauta ne amma mutane ba sa yarda sai sun gani. A kwalta kana tafiya da iska 30 zuwa 35, in ka zo bakin rairayi sauka ka rage zuwa wajen 18 ko 20, tayar sai ta baje ƙasa kamar tafin raƙumi, motar ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Sai dai fa ba gudu, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, don tayar na iya ɓallewa daga rim. Kuma ka sayi geji da ɗan famfon iska mai aiki da batir, saboda a ƙauye ba ko'ina ake samun mai faci ba, in ka hau kwalta da iska 18 tayar zafi za ta yi ta fashe.

In ɗaga motar sama?

Inci 2 ya isa. Hilux daga ta 2005 zuwa yau kowace tayar gaba zaman kanta take, in ka ɗaga fiye da haka dirabin shaf ɗin gaba zai karkace sosai, roba ta yage, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas ƙas a kwana. Abin da da yawa ba su gane ba, ɗagawar ba ta ɗaga ƙwaryar aksil ɗin baya, ita ce kuma ke fara dafe ƙasa in ka faɗa sawun manyan motoci, babbar taya ce kawai ke ɗaga ta. In motarka na da 265/65R17 ka koma 265/70R17 ka samu ɗan ƙari ba tare da yanka bodi ba, mai zai ɗan ƙaru dai. Kuma don Allah kar a bari mai walda ya yi ƙarin ƙarfe a sifirin, a sayi sifirin da shokazoba da aka ƙera don hakan, a Ƙofar Ruwa ana samu in ka tafi da bakaniken da ya san kaya. Mota mai tsayi da lodi a sama saurin kifewa gare ta.

Ruwa fa? Wannan bututun na gefen gilashi yana da amfani?

Nan ne na fi jin tsoro. Wata shekara a watan Agusta, kogin Haɗeja ya cika ya malalo kan hanyar gonarmu, wani ɗan'uwana ya shiga da motarsa da gudu, ruwa ya taso kan bonet, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Da ya bar ta haka da sauƙi, sai ya sake murɗa ki. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ta lanƙwashe, da muka buɗe gidan filtar iska ruwan laka ne ya zubo mana a ƙafa har da ciyawa. Sai da aka sauke inji. Bututun amfaninsa kenan, inji ya shaƙi iska daga sama, kuma da rani ma yana rage ƙurar da filta ke sha. Amma ba ya mayar da mota kwalekwale. Sabuwar Hilux kamfanin Toyota santimita 70 ya ce, wato ɗan sama da gwiwar babban mutum, kuma ruwa mai gudu ko bai kai haka ba ma yana ɗauke mota. Sauka ka taka da sanda tukuna, ka shiga da 4L, wato fowil mai ƙarfi da tafiya a hankali, a giya ta biyu a hankali. In ka fito ka duba man aksil, in ya koma kalar koko ruwa ya shiga, juye shi.

Zan iya barin fowil a kunne kullum?

A'a. A busasshiyar kwalta 2H, wato tayun baya kaɗai su ja, in ba haka ba giya da farfela ke ɗaurewa.

Winci, injin nan mai naɗe igiya ya jawo mota in ta kafe, dole ne?

Ba dole ba. A dajin Falgore ko hanyoyin duwatsun Riruwai yana da rana, akwai bishiyar ɗaurawa, can ma farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya fi gaggawa. Amma a fadama fili ne fetal, ina za ka maƙala shi? Ga nauyi, shi da bambar ƙarfe duk daga lodinka ake cirewa. Ni abin da ba na fita babu shi: shebur, safaya mai iska, katako mai faɗi na ɗora jak, da igiyar ja mai ƙarfi. In tarakta ko wata motar za ta jawo ka, kar a ɗaura a ƙwallon jan tirela na baya, yana karyewa ya taso kamar harsashi, ya kashe mutane a wurare da dama. A ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, kuma a kori yaran da ke taruwa kallo su yi nisa kafin a fara ja.