Ma'anar garambawul da abin da ya faru a kamfanin Ford

Kwanakin nan da wuya a kammala labaran rediyo ba a ambaci garambawul ba. Gwamna ya mayar da kwamishinan lafiya ma'aikatar noma, sai a ce ya yi garambawul. An sallami shugaban wata hukuma an ɗora mataimakinsa, nan ma haka za a ce. Wannan amfani yana damuna ƙwarai, domin ya zubar wa kalmar da nauyinta, har mai sauraro ya ɗauka cewa sauya wa mutane kujeru shi ne gyara.

Kalmar ta kanikawa ce. Idan za a yi wa mota garambawul, sauke injinta ake yi, a kwance shi, a wanke, a sauya duk abin da ya cinye, sannan a sake haɗawa, kuma babu bakaniken da zai canza wa mota direba ya ce ya yi wannan aiki.

A harkar shugabanci, wanda ya cika ma'anar kalmar a ganina shi ne Alan Mulally, injiniyan da kamfanin motoci na Ford da ke Amurka ya ɗauko daga kamfanin jiragen sama na Boeing a watan Satumba na 2006, shekarar da Ford ya tafka asarar sama da dala biliyan 12. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin ya jinginar da kusan duk kadarorinsa, har da shuɗin tambarin nan da ke goshin motocinsa, ya ciwo bashin sama da dala biliyan 23 domin a samu kuɗin aiki. Daga nan aka rabu da motocin alfarma da suke raba wa kamfanin hankali: Aston Martin a 2007, Jaguar da Land Rover ga kamfanin Tata na Indiya a 2008, sai Volvo ga Geely na ƙasar Sin a 2010.

Abin da ya kamata masu karanta mana labarai su lura da shi shi ne, Mulally bai kori akasarin manyan jami'an da ya tarar ba. Ɗabi'arsu ta ɓoye matsala ya kwance. Ya kafa taro kowace safiyar Alhamis, inda kowane shugaban sashe zai nuna halin da aikinsa yake ciki da launi: kore idan lafiya, rawaya idan akwai damuwa, ja idan abin ya tsaya. A makonnin farko kowa kore yake nunawa, alhali kamfanin yana zubar da biliyoyi, saboda a tsohon tsari duk wanda ya faɗi gaskiyar matsalarsa ya sa kujerarsa a haɗari. Rannan sai Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya nuna ja a kan sabuwar motar Edge, wadda aka dakatar da fitar da ita saboda tangarɗa a ƙofarta ta baya. Ɗaki ya yi tsit ana jiran a ga hukuncinsa, sai Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Bayan haka ja da rawaya suka fara bayyana a rahotannin kowa, aka san inda ciwon yake.

Aikin ya yi zafi, domin an rufe masana'antu, dubban ma'aikata sun rasa abin yi, kuma a 2008 asarar ta haura dala biliyan 14. Amma a 2009, lokacin da kamfanonin motoci na General Motors da Chrysler suka durƙushe har sai da gwamnatin Amurka ta ceto su, Ford bai shiga kotun fatara ba, ya ma rufe shekarar da ribar dala biliyan 2.7. A 2012 ya fanshi tambarinsa, kuma da Mulally ya yi ritaya a 2014, Mark Fields aka ba ragamar kamfanin.