Dokar Tsingaro a Atina: Kora Ce, Amma Ba Hukuncin Laifi Ba Ce

Ana ta yaɗa wani rubutu a Facebook da WhatsApp cewa wai a tsohuwar Girka duk shugaban da ya saci dukiyar jama'a, talakawa ne suke taruwa su ƙwace kayansa, su kore shi har abada. Dokar korar akwai ta a birnin Atina, sai dai ba haka take ba.

Sau ɗaya a shekara ake tambayar majalisar 'yan gari: bana za a yi kora? Idan aka amince, bayan kamar wata biyu sai a taru a dandalin kasuwa, kowa ya kanƙara sunan wanda yake so a kora a jikin tsingaro, ya miƙa. Maza baligai 'yan ƙasa kaɗai ke da ƙuri'a; mata da bayi da baƙi ba su ciki. An fara aiki da dokar wajen shekarar 487 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wanda sunansa ya fi yawa, kwana 10 ake ba shi ya tattara ya bar ƙasar, tsawon shekara 10. Ba a taɓa gidansa ko gonarsa, kuɗin da dukiyarsa ke kawowa suna isa gare shi, in ya dawo kuma ɗan ƙasa ne kamar kowa. Amma in ya kuskura ya dawo kafin wa'adi ba tare da an kira shi ba, kisa ne. Kiran ma yakan faru: da Farisawa suka kawo yaƙi a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an dawo da Aristides, wani babban ɗan siyasa da aka kora, ya yi wa mutanen Atina jagoranci a fagen fama.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne ƙuri'a 6,000 da dokar ke buƙata kafin kora ta tabbata. Wasu tsofaffin marubuta sun ce jimillar tsingarayen ce sai ta kai haka kafin a ƙirga. Wasu sun ce mutum guda ne sai ya samu 6,000.

To, ina laifin wanda aka kora? Babu. Ba tuhuma, ba shaida, ba alƙali, ba a ma ba shi damar buɗe baki. Tsoron kada mutum ɗaya ya fi ƙarfin gari ya zama mai mulkin kama-karya shi ne dalilin dokar, kuma tsoron ba na banza ba ne. Duk da haka, da wuya a kira wannan adalci. A wata rijiya a gefen tudun Akrofolis da ke cikin Atina an tono tsingaraye kusan 190 masu sunan Temistokilis, wani babban ɗan siyasar birnin, aka gano mutum 14 kacal suka rubuta su. Kenan an tanade su ne don rabawa.

Korar ƙarshe ta faru wajen shekarar 416 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Manya biyu da ake hari, Nikiyas da Alkibiyades, suka haɗa kan magoya bayansu, ƙuri'a ta faɗa kan wani ɗan siyasa daban, Hifabolos. Daga nan mutanen Atina ba su sake amfani da dokar ba.