Ƙidayar Kifi da Bibiyar Farfaɗowar Murjani a Ƙarƙashin Teku

Bibiyar duwatsun murjani aiki ne na kimiyya da masu nutso ke yi a ƙarƙashin teku, inda suke komawa wuri guda a kai a kai, su ƙirga kifayen da ke wurin, su kimanta girmansu, su kuma auna yawan murjanin da ke raye, domin a gane ko wurin yana farfaɗowa ne bayan wata ɓarna ko kuwa lalacewarsa ce ke ƙaruwa. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nau'o'in halittun teku suna dogara da su, kuma miliyoyin mutanen da ke zaune a gaɓar tekunan yankuna masu zafi daga nan suke samun kifin ci da kariya daga igiyar ruwa.

Murjani dai ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki da ke zama a cunkushe, kowacce tana gina wa kanta ƙashi mai tauri na sinadarin alli, kuma tarin wannan ƙashi ne ke zama dutse bayan dubban shekaru. A cikin jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa hasken rana su samar musu da mafi yawan abincinsu, su kuma ba su launi. Idan zafin ruwa ya ɗara na lokacin da ya fi zafi a shekara da kimanin digiri 1 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma jima a haka tsawon makonni, murjanin yakan kori ƙwayoyin nan, ya koɗe ya yi fari fat. Wanda ya koɗe bai mutu ba tukuna, sai dai idan zafin ya daɗe, yunwa da cuta su ƙarasa shi. An samu irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta tabbatar da aukuwar ta huɗu.

Asalin aikin

Kafin a samu na'urar numfashi a cikin ruwa, masana sun fi sanin kifin murjani ta hanyar abin da raga ko ƙugiya ta kamo, wani lokacin ma ta hanyar zuba guba a ruwa a tattara gawarwaki. Abin ya sauya bayan 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da mutum zai goya tukunyar iska ya yi yawo a ƙarƙashin ruwa ba tare da wani bututu ya haɗa shi da jirgi ba. A 1954 Vernon Brock ya wallafa bayanin yadda masu nutso a Hawai suka shimfiɗa igiya a ƙasan teku suka bi ta suna rubuta kifayen da suka gani, kuma har yau tsarin da aka fi amfani da shi bai yi nisa da wannan ba.

Yadda ake ƙidayar

A tsarin da ya fi yaɗuwa, mai nutso yakan shimfiɗa tef ɗin awo mai tsawon mita 50 a zurfi iri ɗaya, ya bi shi a hankali yana rubuta kowane kifi da ya shigo cikin wani faɗi da aka ƙayyade, galibi mita 5, da fensir a kan allon roba ko takardar da ruwa ba ya lalatawa. Ƙananan kifayen da ke maƙale wa murjani akan ƙirga su a wata tafiya ta biyu cikin faɗin da bai wuce mita 1 ba, saboda ido ba ya iya riƙe manya da ƙanana a lokaci guda. Akwai kuma tsarin da James Bohnsack da Scott Bannerot suka bayyana a 1986, wanda a cikinsa mai nutso zai tsaya cak a wuri ɗaya, ya ɗauka yana tsakiyar da'irar da ta kai mita 7.5 daga inda yake zuwa gefenta, ya riƙa juyawa yana rubuta abin da ya gifta. Wannan ya fi dacewa da wuraren da murjani ya rarrabu gunduwa-gunduwa a cikin yashi.

Adadin kifi kaɗai ba ya faɗin abin da ake son sani, don haka ake rubuta tsawon kowanne. Daga tsawon ake lissafa nauyi, tun da an riga an san dangantakar tsawo da nauyi a yawancin nau'o'i, kuma an tara alƙaluman a rumbun bayanai na FishBase. Sakamakon yakan fito a matsayin kilogiram nawa na kifi ake da shi a kowace hekta. Wuri na iya cika maƙil da ƙananan kifaye masu ƙyalli, ya burge mai yawon buɗe ido, alhali masunta sun riga sun kwashe manyan da su ne ke zuba ƙwai masu yawa. Saboda gilashin fuska yana sa abu ya yi kamar ya fi girmansa a cikin ruwa, akan horar da masu ƙidaya da kifin katako ko guntayen bututun roba da aka san tsawonsu, har sai ƙiyasinsu ya riƙa zuwa daidai.

Shi kuwa murjanin, ana auna shi ne ta hanyar duba abin da ke ƙarƙashin tef ɗin a kowane rabin mita, ko ta ɗaukar hotuna a tazara iri ɗaya a nazarce su daga baya, a ware murjani mai rai da matacce da gansakuka da yashi da ɓaraguzai. Ana ƙirga jariran murjani, waɗanda ba su wuce 'yan santimitoci ba, ana kuma auna gargadar dutsen ta hanyar kwantar da sarƙa ta bi lungu da saƙonsa a kwatanta tsawonta da miƙaƙƙen layi. Inda ake son duba wuri mai faɗi cikin hanzari, ƙaramin jirgi ne ke jan mai iyo da igiya yana riƙe da allo, a tsaya bayan kowane minti 2 ya rubuta abin da ya gani. Da wannan hanya Cibiyar Kimiyyar Teku ta Ostiraliya, AIMS, take bibiyar babbar katangar murjanin ƙasar, Great Barrier Reef, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, tun daga 1985.

Ba masana kaɗai ke yin aikin ba. Ƙungiyar Reef Check, wadda Gregor Hodgson ya kafa a 1996, ta sauƙaƙa tsarin yadda 'yan sa-kai za su iya, ta hanyar zaɓar wasu kifaye kaɗan masu sauƙin ganewa da ke nuna halin da wuri yake ciki. Reef Life Survey, da aka fara a Tasmaniya a 2007, ta ɗauki wata hanyar dabam, wato horar da masu nutso kaɗan horo mai zurfi har su iya rubuta duk nau'in da suka gani.

Abin da ƙidayar ta nuna game da farfaɗowa

Babban darasin farko daga Jamaika ya fito. Terry Hughes ya nuna a 1994 cewa murjani mai rai a gaɓar tsibirin ya faɗo daga sama da kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da kashi 5 a farkon shekarun 1990, yayin da gansakuka ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 92. Guguwar Allen ta 1980 ta farfasa murjanin, amma ba ita ce ta hana shi dawowa ba. Kamun kifin da ya wuce kima ya riga ya rage kifaye masu cin gansakuka, aikin kiwon ya rage a hannun wata bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, sai kuma wata annoba ta kusan shafe ta a Karibiyan tsakanin 1983 da 1984. Da babu mai kiwo, gansakuka ta rufe duwatsun kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba, jariran murjani suka rasa inda za su zauna. Daga nan ne aka fahimci cewa ƙidayar kifin aku da sauran masu cin gansakuka wani ɓangare ne na auna lafiyar murjanin kansa.

Tsibiran Sishel da ke Tekun Indiya sun ba da hoto mafi cikakke, domin an yi ƙidaya a can kafin koɗewar 1998, wadda ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na murjani mai rai. Nicholas Graham da abokan aikinsa sun bi wurare 21, kuma a 2015 suka ba da rahoton cewa 12 sun kama hanyar farfaɗowa, 9 kuwa sun koma filayen gansakuka. Waɗanda suka tsira su ne masu ɗan zurfi, masu gargada da ramuka da yawa, masu yalwar jariran murjani da kifaye masu kiwo, da ruwan da bai cika sinadaran taki ba. Wani bincike da Graham da abokan aikinsa suka yi a can tun da farko ya nuna wani abu mai ruɗarwa: shekaru bayan mutuwar murjanin, manyan kifaye suna nan, har nauyin kifi a hekta bai nuna wata matsala ba, alhali ƙanana sun ragu ƙwarai saboda maɓoyarsu ta rushe. Wanda ya dubi jimillar nauyi kawai zai ce lafiya lau, sai wanda ya dubi rabon tsawo ne zai ga cewa babu masu maye gurbi.

Inda ɗan Adam bai matsa wa wuri ba, murjani yakan dawo da kansa. Scott Reef, wanda ke can tsakiyar teku a arewa maso yammacin Ostiraliya, ya yi asarar mafi yawan murjaninsa a 1998, amma cikin shekaru 12 ya tashi daga kashi 9 zuwa kashi 44 cikin 100, duk da nisan kusan kilomita 250 da ke tsakaninsa da duwatsun da za su iya turo masa iri.

Alƙaluman AIMS sun nuna cewa tsakanin 1985 da 2012 babbar katangar ta rasa rabin murjaninta, daga kashi 28 zuwa kashi 13.8 cikin 100, kuma an ɗora kashi 48 na asarar a kan guguwa, kashi 42 a kan tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani, kashi 10 a kan koɗewa. A 2022 cibiyar ta sanar da cewa arewaci da tsakiyar katangar sun kai matakin da ba a taɓa gani ba cikin shekaru 36 na bibiya. Labari ne mai daɗi, amma akwai abin lura a cikinsa: mafi yawan ƙaruwar ta fito ne daga dangin Acropora, murjani mai rassa da saurin girma, wanda kuma shi ne ya fi saurin karyewa a guguwa da koɗewa a zafi. Koɗewar 2024 ta sake zaftare wani babban kaso. Wannan ya sa yawan murjani a matsayin kaso cikin ɗari, duk da shi ne ma'aunin da aka fi ambata a labarai, ba ya isa shaida a kan farfaɗowa sai an haɗa shi da sanin nau'o'in da suka dawo da waɗanda suka ɓace. A matakin duniya, rahoton da cibiyar haɗin gwiwar bibiyar murjani ta GCRMN ta fitar a 2021, wanda ya tattara bayanai daga wurare sama da 12,000 a ƙasashe 73, ya nuna asarar kusan kashi 14 cikin 100 tsakanin 2009 da 2018.

Kifi ma yakan dawo idan an hana kamu, sai dai da jinkiri. A Cabo Pulmo na ƙasar Meziko, wanda aka mayar gandun teku a 1995 bisa buƙatar mazauna wurin, nauyin kifi ya ninka fiye da sau biyar tsakanin 1999 da 2009. Wani nazari da Aaron MacNeil ya jagoranta a 2015 ya ƙiyasta cewa dutsen murjanin da ba a kamun kifi a cikinsa yana ɗauke da kimanin kilogiram 1,000 a hekta, kuma wanda aka yi wa kamu yana buƙatar kimanin shekaru 35 kafin ya koma haka, wanda aka tatse sosai kuwa har kusan 60.

Iyakokin hanyar da sababbin kayan aiki

Ƙidayar ido tana da rauni da masu yin ta suka sani sarai. Kifayen da ke ɓuya a ramuka da masu fitowa da dare ba su cika shiga lissafi ba. A wuraren da ake harbin kifi da mashi, manya sukan gudu da zarar sun ji ƙarar kumfar mai nutso, yayin da a gandun da aka hana kamu sukan matso kusa, abin da ke iya kumbura bambancin da ke tsakanin wuraren biyu fiye da yadda yake a zahiri. Gurɓacewar ruwa, da lokacin yini, da hawa da saukar teku, da sauyin mai ƙidaya daga shekara zuwa shekara, duk suna shafar sakamako, kuma iskar tukunya da haɗarin cutar da saurin tasowa daga zurfi ke jawowa sun taƙaita yawancin aikin a ruwan da bai wuce mita 30 ba. Akwai kuma matsalar da Daniel Pauly ya ja hankali a kanta a 1995, cewa kowane zamani na masana yakan ɗauki abin da ya tarar a farkon aikinsa a matsayin asali, alhali yawancin ƙidayar an fara ta ne bayan an daɗe ana kwasar kifi.

Don cike wasu giɓin, ana ajiye kamara a ƙasan teku da koto a gabanta a bar ta tana ɗauka babu mutum a kusa. Da irin wannan na'ura shirin Global FinPrint ya duba duwatsun murjani 371 a ƙasashe 58, ya kuma bayyana a 2020 cewa a kusan kashi 20 cikin 100 nasu ba a ga kifin shak ko ɗaya ba. Kamara biyu da aka jera a tazara sananniya suna ba da tsawon kifi daidai ba tare da ƙiyasi ba, dubban hotuna da aka haɗa a kwamfuta suna fitar da siffar dutse gaba ɗaya, manhajoji irin su CoralNet da ReefCloud kuma suna tantance murjani a hoto cikin daƙiƙoƙi. Ana kuma tace ruwan teku a nemo ɓurɓushin ƙwayoyin gado da kifaye suka zubar, hanyar da ke tona nau'o'in da ido bai gani ba, ko da yake ba ta faɗin yawansu ko girmansu. Duk shirin da ya sauya zuwa sabuwar na'ura sai ya yi shekaru yana gudanar da tsohuwar hanya da sabuwa tare a wurare guda, in ba haka ba ba za a iya kwatanta alƙaluman bana da na shekaru 30 da suka wuce ba.